Inda Muka Kai Injin Yankan Itacen da Ya Ƙi Tashi Bayan Doguwar Ajiya

Daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu, duk bakaniken da ke taɓa ƙananan injuna a ƙasar Ringim da Taura da Gumel yakan sami kansa cikin tulin injinan yankan itace waɗanda suka ƙi tashi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin masu wannan sana'a a karkara manoma ne, da zarar ruwa ya sauka sai su jingine injin a kusurwar ɗaki su koma gona, ba za su waiwaye shi ba sai an gama kai gero da riɗi gida, lokacin da jama'a suke fara neman wanda zai rage musu rassan darbejiya ko ya tsaga musu itacen turare don rufin ɗaki. Ƙorafin kuwa iri ɗaya ne a bakin kowa, wato lafiya ƙalau aka ajiye shi. Na yayana ma haka ya yi, kuma tunda ni aka ɗora wa kai shi gyara, na ga ya dace in bayyana yadda aikin shagon da na je yake, da abin da ya sa nake ganin ya cancanci a je, da kuma wuraren da ya gaza.

Shagon rumfar kwano ce a bakin titi, ba nisa da mararrabar Gujungu, inda hanyar da ta taso daga Kano ta Ringim take rabuwa, ɗaya ta nufi Gumel ɗaya ta nufi Haɗeja. Maigidan dattijo ne mai ƙarancin magana, yana da yara masu koyo, kuma yana gyara injin ban ruwa da janareta da injin feshi, amma injin yankan itace shi ne abin da aka fi saninsa da shi. Namu ƙirar China ne mai 52cc (ma'aunin girman cikin inji), irin wanda ya fi yawa a hannun mutanen ƙauye saboda sauƙin kuɗinsa. Ciwonsa shi ne, idan aka ja cok aka finciki igiya yakan amsa, ya yi ƙara na ɗan lokaci ya mutu, idan kuma aka yi sa'a ya tsaya a silo, wato ƙaramin gudu, da an taɓa totur sai ya shaƙe. Kafin a kawo shi nan, wani mai gyaran janareta a garinmu ya riga ya murɗa sukuru na saitin kafireta yadda ya ga dama, sannan ya yanke hukuncin cewa sai an sayi sabuwa.

Abin da ya fara burge ni shi ne maigidan bai ɗauki sukundireba ba. Murfin tanki ya buɗe, ya sunsuna, sannan ya tsiyaye man a cikin farar kwalba ya ɗaga ta sama. Man ya yi duhu, warinsa ya koma mai tsami-tsami, kuma a gindin kwalbar ga 'yan ɗigon ruwa sun kwanta daban. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan man tun na bazara ne ko?" Na ce masa haka ne. Bayanin da ya biyo baya ya yi daidai da abin da masu ƙera injinan suke rubutawa. Fetur ba ya zama yadda yake. Sassansa masu saurin kamawa, waɗanda su ne ke tayar da inji mai sanyi, su suke fara tashi su bi iska, zafin ɗakunanmu na kwano kuma yana gaggauta hakan, sai abin da ya rage ya yi kauri ya bar wani danƙo kamar ƙaro a duk inda ya kwanta. Kamfanin Stihl na Jamus yana gargaɗi a littattafan injinansa cewa kada a ajiye fetur da aka gauraya da man inji fiye da kwana 30, namu kuwa ya shafe damina guda da kaka a cikin tanki. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane suka ƙara jin nauyin zubar da ragowar mai, ko da rabin lita ne, kuma a ganina wannan tsimin ya kai injuna da yawa wurin bakanike. Ruwan da ke gindin kwalbar kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ke sayen mai a galan a bakin hanya.

Bayan mai sai wuta. Ya kwance fulogi, ya goge shi, ya manna jikinsa da ƙarfen injin ya sa yaro ya ja igiya, tartsatsi ya fito shuɗi mai ƙarfi, da haka ya cire kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, daga zargi. Ya auna tazarar bakin fulogin ya mayar da ita rabin milimita, wanda shi ne abin da injinan yankan itace da yawa ke so. Bai ce in sayi sabo ba, ko da yake ga su nan rataye a kwali, na L7T da na NGK. Daga nan ya riƙe injin ta hannun igiya ya sake shi a hankali don ya ga yadda nauyinsa zai warware igiyar. Injin da fistin da ringinsa suke lafiya yana sauka ne da tsaiko-tsaiko, wanda ya gaji kuwa zarcewa yake yi ƙasa ba tare da turjiya ba. Namu ya turje.

Da ya kwance salansa sai ga gidan zanzaro na laka ya toshe fiye da rabin bakinta. Yaran shagon ko dariya ba su yi ba, domin a cewarsu kusan kowane mako suna ganin haka a wannan lokaci, kuma inji mai irin wannan toshiya yana iya tashi amma ba zai taɓa buɗe murya ba, tunda hayaƙi ba shi da mafita. Amfanin cire salansa bai tsaya nan ba. Ta wannan ƙofa ake hango gefen fistin, shi ya sa ya haska tocila yana jan igiya a hankali, yana neman zane-zanen da ke nuna cewa inji ya taɓa yin zafi har ƙarfe ya goga ƙarfe. Fistin namu sumul yake. Ya ce da ya ga zane mai zurfi da a nan zai tsaya ya gaya mini gaskiya, don babu amfanin kashe kuɗi a kan kafireta alhali cikin injin ya riga ya lalace. Wannan tsari na duba abu mai tsada kafin a kashe kuɗi a kan mai araha shi ne babban abin da ya raba shagon da sauran wuraren da na sani.

Sai ya lanƙwasa waya ya zura cikin tanki ya jawo siririn tiyon mai tare da filtar da ke rataye a bakinsa. Filtar ta yi baƙi ta toshe, tiyon kuma ya sandare, da ya lanƙwasa shi sai ga tsaga a daidai inda yake ratsa bangon tanki. Irin wannan tsaga ƙarama ce a ido amma ɓarnarta babba ce, saboda kafireta za ta riƙa zuƙo iska a maimakon mai. Ya kuma busa ƙaramar kafar da tanki ke shaƙar iska ta cikinta, ya ce idan ta toshe inji yakan yi aiki na 'yan mintuna ya mutu, kuma alamarta ita ce a ji tanki ya ja numfashi idan an buɗe murfi.

Kafireta ita ce inda ya fi daɗewa, kuma a nan ne mai gyaran janareta yakan ɓata, ba don rashin iyawa ba sai don tsarin ya bambanta. Kafiretar janareta da ta injin ban ruwa tana da ɗan kofi a ƙasa wanda mai ke taruwa a ciki, saboda injin a zaune yake aiki. Injin yankan itace kuwa ana kwantar da shi, a karkata shi, a ɗaga shi sama, don haka aka yi masa kafireta marar kofi, irin wadda kamfanonin Walbro da Zama suka shahara da ita, wadda ke aiki da falle biyu na siririyar roba. Falle ɗaya famfo ne, numfashin cikin injin ne ke kaɗa shi yana jawo mai daga tanki. Na biyun shi ke danna ɗan ƙarfen da ke ɗaga allura don mai ya shiga gwargwadon buƙata. Muddin robar tana da laushi komai yana tafiya daidai, amma idan tsohon mai ya bushe a kanta sai ta ƙage, ta daina motsi, allurar ma ta manne a gurbinta. Cok yana tilasta wa inji zuƙo ɗan abin da ya samu, shi ya sa yake amsawa, da an buɗe totur kuma iska ta yi yawa mai bai biyo ba, sai ya mutu. Maigidan ya shimfiɗa farin tsumma a kan benci, ya jera kowane ɗan ƙarfe bisa tsarin da ya cire shi, ya miƙo mini fallen na biyu ya ce in murza. Ƙaras-ƙaras yake yi a tsakanin yatsu. Ya zaro wata 'yar raga da ba ta kai ƙwayar wake ba daga cikin jikin kafiretar, ta cika da dattin da filta ta kasa tarewa, ya wanke ta. Ƙananan ramukan mai kuwa da maganin feshi na wanke kafireta da iska ya buɗe su, ya kuma tsawata wa yaron da ya miƙo masa zaren waya, yana cewa waya tana faɗaɗa rami, ramin da ya faɗaɗa kuma ba ya komawa. Wurin mayarwa na lura cewa a ɓangaren famfo roba ce ke fara kwanciya a jikin kafireta sannan gasket, a ɓangaren allura kuma gasket ne ke fara kwanciya sannan roba. Ya ce rabin injinan da ake kawo masa bayan an taɓa su a gida, wannan jeri ne aka juya.

Na tambaye shi dalilin da ya sa bai sa sabuwar kafireta gaba ɗaya ya huta ba, tunda na China ba su da tsada sosai. Ya ce yana sawa idan jikin tsohuwar ya ci ko an lalata bakin sukuru, amma sababbin da ke zuwa a kwali ba duka suke dacewa da inji ba, wata ma sai an sake buɗe ta an gyara kafin ta yi aiki, don haka idan ta asali tana da rai ya fi son ya canza mata roba da gasket kawai. Araha ba ta ado, in ji shi. Abin da na biya na robar da tiyo da filta da ladan aiki, gaba ɗaya bai kai abin da aka ce mana za mu kashe a kan sabuwar kafireta da ɗaurinta ba.

Sai a wannan mataki ya taɓa sukuru na saiti, bayan ya wanke filtar iska, domin saitin da aka yi da filta mai ƙura ba ya zama daidai idan an wanke ta. Sukuru uku ne. Mai alamar L yana kula da mai a ƙaramin gudu da lokacin da aka fara danna totur, mai alamar H yana kula da mai a cikakken gudu, na ukun kuma, wanda ake rubuta wa T a wasu injuna, LA a na Stihl, silo kawai yake ɗagawa ko saukewa. Ya mayar da L da H ciki a hankali har suka taɓa ba tare da ya matse ba, ya dawo da kowanne kimanin zagaye ɗaya, ya tayar da injin da sabon mai ya bar shi ya yi ɗumi, sannan ya ci gaba da gyarawa da kunne. A nan ne haɗarin yake, kuma ina ganin duk mai inji ya kamata ya fahimce shi. Idan aka murɗa H ciki, mai yana raguwa, injin ya yi kuka mai kaifi wanda ke sa mai shi ya zaci ƙarfi ya ƙaru. Amma wannan inji ba shi da wani wurin baƙin mai daban kamar mota, duk abin da ke shafe fistin da boris a cikin fetur yake zuwa, saboda haka rage fetur rage man da ke shafe su ne, ga kuma ƙarin zafi, a inji da ke juyawa fiye da sau 12,000 a minti idan ba ya cikin itace. Mutum yana iya ƙone fistin a yini guda ta wannan hanya. Saitin da maigidan yake nema shi ne a ji 'yar gargada a muryar injin idan an buɗe totur a iska, gargadar kuma ta ɓace da zarar sarƙa ta shiga itace. Ya gwada a kan wani busasshen kututturen darbejiya da ke gefen rumfar, na kuma ji bambancin da kunnena.

Gwajin ƙarshe shi ne ya bar injin a silo ya kwantar da shi ta dama, ya kwantar ta hagu, ya ɗaga hancinsa sama. Muryar ba ta canza ba. Da ta tashi ko ta mutu, da zargi ya koma kan robobin da ke rufe gefen karanshaf, waɗanda su ma ajiya takan busar da su har iska ta riƙa shiga ta inda bai kamata ba.

Inda ban gamsu ba yana da ɗan yawa. Shagon ba shi da na'urar auna gudun inji, ba shi da famfon gwada yoyon iska, komai a kan kunne da hannun mutum ɗaya ya rataya, ranar da ba ya nan kuwa ba zan bar wa yaran saitin kafireta ba. Kayan manyan injuna irin su Stihl 070, mai kusan 106cc, wanda masu tsaga katako ke amfani da shi, ba ya ajiye su, sai ya aika Sabon Gari a Kano, kuma na tarar da wani bawan Allah daga wajen Garki yana mita cewa alƙawarin da aka yi masa ya wuce da daɗewa. Yadda yaran ke tayar da inji ya tayar mini da hankali: a tsaye, da silifas a ƙafa, su riƙe igiya su wurga injin ƙasa, birkin sarƙa a sake. Ƙa'ida ita ce a ajiye shi a ƙasa, a sa birki, a taka hannun baya da ƙafa sannan a ja. Tsohon man da aka tsiyaye kuma a ƙasa ake watsar da shi, 'yan taku kaɗan daga murhun mai shayi. Na yi magana, maigidan ya ce, "Gaskiya ne, Malam, za a gyara," amma ban ga alamar al'adar za ta sauya da wuri ba.

Akwai kuma batun man sarƙa, wanda muka saɓa a kai. Shi yana zuba tsohon baƙin man da aka juye daga mota, kamar yadda kusan kowa ke yi a nan, hujjarsa ita ce na ainihi yana da tsada kuma ba a samunsa a kusa. Masu ƙera injinan sun hana hakan, kuma dalilinsu a fili yake, tunda tsohon mai yana ɗauke da garin ƙarfe da toka waɗanda ke cin famfon man sarƙa, shi da kansa ma sai da ya sha fama kafin ya buɗe kafar man namu da ta daskare a ajiya. Wanda bai sami na ainihi ba, ko sabon man inji mai araha ya fi masa tsohon.

A kan gaurayen fetur dai ba shi da wasa. Ya tambaye ni irin man da yayana yake zubawa da yadda yake aunawa, da na ce da murfin galan ne sai ya girgiza kai ya ɗauko sirinji mai cin mililita 20. Stihl da Husqvarna ta Suwidin suna cewa kashi 50 na fetur da kashi 1 na man 2T mai kyau (man injin da aka yi don gaurayawa da fetur), wato sirinji ɗaya a lita ɗaya, ko mililita 100 a lita 5. Yawancin na China kuwa 25 da 1 ake rubuta musu, wato sirinji biyu a lita. Ya ce a bi abin da ke rubuce a jikin inji ko littafinsa, a gauraya a galan daban a girgiza kafin a zuba, kuma kada a sa man mota a madadin 2T, don shi ke tara gawayi a salansa ya manne ringi.

Kafin in tafi ya karanta mini yadda za a ajiye shi idan damina ta sake zagayowa, ya ce in isar wa Yaya ba tare da ragi ba. A tsiyaye tanki tas, a tayar da injin a bar shi a silo har ya mutu da kansa don kafireta ta bushe, a cire sarƙa da dogon ƙarfen da take zagayawa a wanke su a shafa musu mai a naɗe, a ɗiga 2T kaɗan ta ramin fulogi a ja igiya a hankali sau biyu ko uku, a toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro, sannan a rataye shi inda raɓa da ɓera ba za su kai gare shi ba, domin ɓera yana cin tiyo da wayar fulogi.

Wanda zai je ya guji ranar Lahadi, ranar da kasuwar Gujungu ke ci, saboda rumfar takan cika da masu injin ban ruwa kuma maigidan ba ya samun natsuwar da na gani a tsakiyar mako. Ya tafi da injin a haɗe da sarƙarsa don a gwada shi a itace a gabansa, ya riƙe sabon gaurayen mai da aka haɗa da fetur daga gidan mai, kuma ya faɗi gaskiya idan wani ya riga ya taɓa sukuru. Idan kuwa injin ya tashi a gida amma silonsa yana hawa da kansa, sarƙa tana gudu ba a taɓa totur ba, saukar da T kuma bai hana ba, to alama ce iska tana shiga ta wani wuri, sai a kashe shi nan take a kai shi haka, kada a ce bari a ƙarasa yankan reshe ɗaya tukuna.